Ƙara Wa Injin Babur Ƙarfi: Ina Riba, Ina Asara Ga Ɗan Kasuwar Kan Iyaka?

Duk shekara da zarar damina ta fara ja da baya a watan Oktoba, riɗi ya isa yanka a gonakin da suka kewaye Gadarif, sai ka ga rumfunan kanikawan babur sun cika maƙil. Wani ya kawo nasa ne don a yi masa sabis, amma da yawa abin da ke tafe da su ɗaya ne, wato suna so a ƙara wa injin ƙarfi kafin kasuwar kaka ta buɗe. Wannan tambaya ce ta fi yawan zuwa mana a shirin 'yan kasuwa da muke gabatarwa a rediyo: shin in sa babbar silinda? In fasa salansa? In canza kafireta? Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo maganar cikin wannan shafi, inda mai karatu zai iya zama ya yi lissafinsa a tsanake.

Babur, ko motar kamar yadda ake ce masa a nan Sudan, shi ne jarin ƙaramin ɗan kasuwa. Hanyar Gadarif zuwa Gallabat ta Doka, mai tsawon kimanin kilomita 150, kwalta ce, kuma manyan motoci ne ke cin ta. Mai babur yana samun abincinsa ne a inda kwalta ta ƙare, a kasuwannin mako-mako na ƙauyukan Doka da Basunda da na bakin kogin Rahad, inda ƙasar baƙar laka ce wadda take riƙe ƙafa da damina, da rani kuma ta tsattsage ta zama kwazazzabai da ƙura. Ga kuma tsadar mai. Tun watan Yunin 2021 gwamnati ta janye tallafin fetur gaba ɗaya, sannan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya tsayar da matatar mai ta Jaili da ke arewa da Khartum, ya zama fetur ɗin da muke sha shigo da shi ake yi. Ke nan duk wani gyara da zai sa inji ya ƙara shan mai, daga aljihun ciniki zai riƙa fita kullum.

Za mu fara da abin da ya faru a gidanmu, don kada a ce muna magana ne a kan abin da bai taɓa mu ba. Akwai ƙanenmu da yake sayen riɗi da dawa a ƙauyuka yana kawowa kasuwar amfanin gona ta Gadarif, da babur ɗan Caina mai inji 125. Wata kaka ya ga babur ɗin yana nishi idan ya ɗora masa buhu biyu, sai ya kai wa wani usta. Ustan ya ba shi shawara a sa silindar 150, a fasa salansa, a kuma sa akwatin wuta na tsere, wanda ake kira si-di-ai. Ya biya, aka yi. Makon farko ba ya zama a gida, yana ta yi mana kirari da ƙarar babur ɗinsa. A mako na uku, da tsakar rana, ya ɗauko kaya ya wuce Doka kaɗan, inji ya buga. Da aka kwance sai aka tarar saman fistin ya ɓule, silinda ta karce. Ya biya mai keken kaya ya kwaso shi da buhunansa, ya sake sayen silinda da fistin, ya kuma rasa kasuwa uku a daidai lokacin da riɗi ke da araha a ƙauye. Abin da ya rasa na ciniki ya fi kuɗin gyaran ciwo. Kuma ba ustan kaɗai za mu ɗora wa laifi ba, domin ƙanen namu shi ya je ya ce yana son ƙarfi, bai kuwa faɗi irin ƙarfin da yake nufi ba.

A nan ne kan maganar yake. Abu biyu ne mutane ke haɗawa su kira ƙarfi, akwai gudu, akwai kuma ja. Gudu shi ne iyakar abin da allura za ta nuna a kan kwalta miƙaƙƙiya. Ja kuwa shi ne abin da zai tayar da babur daga tsaye da kilo 180 na dawa a bayansa, ya fitar da shi daga cikin rafi mai yashi ba tare da an ƙona kuloci ba. Ɗan kasuwa ja yake bukata. Gudu kuma tsada ne da shi fiye da yadda ake zato, saboda iskar da ke tunkarar mahayi tana ƙaruwa ne ninki-ba-ninki. Don babur ya tashi daga gudun kilomita 90 a awa ya kai 100, sai inji ya ƙara fiye da kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa. Babu wata salansa ko akwatin wuta da zai ba ƙaramin inji wannan. Bajaj Boxer 150 na Indiya, wanda ya cika hanyoyinmu, duka-duka ƙarfin doki 12 ne da shi ko kusa da haka. Wanda ya kashe kuɗi ya ƙara masa rabin doki, ba zai ji a jikinsa ba idan buhu yana baya.

Gyaran da ya fi kowanne biyan kuɗinsa wajen ja, ko murfin inji ba a buɗewa. Shi ne canza faifan sarƙa mai haƙora, wanda kanikawa ke kira sifiroket. Lissafinsa ba wuya. A ce faifan gaba yana da haƙora 14, na baya 42, to faifan gaba zai juya sau uku kafin ƙafar baya ta juya sau ɗaya. Idan aka sa na baya mai haƙora 45, ja ya ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowace giya, iyakar gudu kuma ya ragu da kusan haka. Mai ɗaukar kaya a hanyar ƙauye ya ci riba, domin dama ba ya kai wa iyakar gudun, sannan kuloci zai huta, inji ba zai riƙa shaƙewa a hawa ba. Ana iya samun kusan irin wannan sakamako ta hanyar rage haƙori ɗaya a faifan gaba, 13 maimakon 14, kuma ya fi araha, sai dai ƙaramin faifai yana saurin cinye sarƙa. Mu dai mun fi son a ƙara na baya, a kuma canza sarƙa da faifan biyu lokaci guda, don tsohuwar sarƙa tana lalata sabon faifai cikin 'yan makonni. Abin lura shi ne kada a zarce. Wanda yawancin tafiyarsa a kan kwaltar Gallabat take, kuma kayansa marasa nauyi ne kamar yadi ko turare, idan ya ƙara haƙora da yawa injinsa zai riƙa ihu a banza yana shan mai. Shi ya bar faifansa yadda kamfani ya sa. Wani abin da ya sa muke yaba wannan gyara shi ne, idan bai yi maka ba, cikin awa guda za ka mayar da tsohon faifanka.

Kafin ma a kai ga faifai, akwai tambayar da ya kamata mai babur ya yi wa kansa: ƙarfin da injin ya zo da shi daga kamfani yana nan kuwa? A yawancin baburan da muke gani, ba ya nan. An zubar da shi a hanya ta wajen matatar iska da ta toshe, da bawul da ba a saita ba, da sarƙa busasshiya, da birki mai kamawa, da taya maras iska. Mutum zai je neman ƙarin kashi goma alhali ya yar da fiye da haka saboda rashin kula.

Yana da kyau a san asalin injin da da yawanmu ke hawa. Mafi yawan baburan Caina masu inji 125 da 150 kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda kamfanin Honda na Japan ya fitar a 1975. Kafin a ƙera shi, injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 1974, suka ga yadda ake ɗora wa babur mutane da kaya fiye da kima, ana barin baƙin mai har ya zama kwaɓaɓɓe, ba a kai shi gareji sai ya tsaya cak. Sai suka koma suka yi inji mai sauƙi wanda zai jure wannan wahala, da matatar iska ta soso da ake wankewa a mayar. Wato da gangan aka yi shi ya zama jaki mai haƙuri. Duk wanda ya dage sai ya mai da shi dokin sukuwa, yana cire ainihin abin da ya sa ya saye shi ne.

To jakin nan abu uku yake roƙo. Na farko iska mai tsabta. Ƙurar Gadarif da rani, musamman a bayan manyan motoci da taraktoci, idan ta shiga silinda tamkar an zuba yashi ne tsakanin ringi da bango. Wasu samari kan cire akwatin matata gaba ɗaya su sa 'yar ƙaramar matata a buɗe a bakin kafireta, wai inji ya shaƙi iska sosai. A birni mai kwalta wataƙila a sha da ita, amma a nan, kafin kaka ta ƙare babur zai fara hayaƙi. Matatar soso a wanke ta duk mako lokacin ƙura, a bar ta ta bushe, a shafa mata baƙin mai kaɗan a matse. Ta takarda kuwa ba a wanke ta, canzawa ake yi. Na biyu baƙin mai. Irin wannan inji kusan lita ɗaya kacal yake ɗauka, kuma man nan ɗaya shi ke yi wa fistin da giya da kuloci hidima, shi ke kuma kwashe zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin Gadarif yana wuce maki 40, inji kuwa iska kawai ke sanyaya shi. Saboda haka a nemi mai kauri irin 20W-50 wanda aka rubuta JASO MA a jikin gwangwaninsa, alamar cewa an yi shi don babur mai kuloci a cikin mai, domin wasu mayukan mota suna sa kuloci ya riƙa zamewa. A shawararmu, mai ɗaukar kaya kullum kada ya wuce kilomita 1,000 bai juye ba, ya kuma sa a wanke 'yar ragar da ke tace man a ƙasan inji. Na uku saitin bawul. A injin CG tazarar milimita 0.08 ce idan inji yana sanyi, sauran kuma a duba littafinsu. Aiki ne na minti ashirin, amma bawul da ya matse yana rage ƙarfi, yana wahalar da tashi da safe, daga ƙarshe ya ƙone.

Akwai kuma wani abu da laka ke yi wanda ba kowa ke lura ba. Idan ta manne a tsakanin haƙarƙarin silinda ta bushe, ta zama bargo ke nan, iska ba ta taɓa ƙarfe. Tsinke da bokitin ruwa, bayan inji ya huce, sun fi wani gyara mai tsada amfani a nan.

Yanzu mu zo kan babbar silinda, wadda ita ce ta fi jan hankalin mutane. Ba za mu ce ƙarya ce ba, tana ƙara ja. A injin CG, silindar 125 faɗinta milimita 56.5 ne, ta 150 kuma milimita 62, tsawon tafiyar fistin ɗaya ne. Ƙarin ya kai kashi 20 cikin ɗari na cikin silinda. Sai dai ƙarfin da za a samu ba ya kai haka, saboda kan inji da bawul da kafireta duk na 125 ne, numfashinsu bai ƙaru ba. Abin da ya tabbata zai ƙaru shi ne zafi da shan mai da nauyin da ke kan kuloci da boris. Kuma dole ne a sake saita kafireta, a duba jet, wato ɗan ramin da fetur ke bi, har a tabbatar man da ke shiga ya dace da iskar. Wannan shi ne abin da aka tsallake a babur ɗin ƙanenmu. An ƙara silinda, an buɗe salansa, iska ta yi yawa, fetur ya yi kaɗan, wuta ta yi zafi fiye da kima, akwatin tsere kuma yana kunna ta da wuri. Fistin na alminiyam ne, ya narke.

To yaushe babbar silinda ke da ma'ana? A ganinmu, sai idan tsohuwar ta riga ta cinye, dole dama za a sayi sabuwa, kuma akwai usta wanda zai zauna ya saita kafireta ya gwada da kaya a kai. Ana gane irin wannan usta da abu ɗaya: bayan gwaji zai kwance fulogi ya duba bakinsa. Idan ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara, saiti ya yi. Idan fari ne fat, fetur ya yi kaɗan, inji yana cikin haɗari. Idan baƙi ne da kunkunniya, mai ya yi yawa, ana asararsa. Usta da ya ce kunnensa kawai ya ishe shi, to ka ɗauki babur ɗinka ka yi gaba. Amma a kwance lafiyayyen inji don kawai a sa babbar silinda, wannan garin neman gira ne za a rasa ido.

Fasa salansa kuwa, ƙara take ƙarawa, kunne ya yaudari mai ita ya ɗauka ƙarfi ne. A ƙananan injuna irin namu sau da yawa ma tana rage ja a ƙaramin gudu, daidai inda mai kaya ke bukatarsa. Ga shi kuma a wannan zamani na shingayen bincike, ba mu ga hikimar ɗan kasuwa ya riƙa sanar da zuwansa tun daga nesa ba. Akwatin wuta na tsere da kuma kankare kan inji don a ƙara matsi, duka biyun suna bukatar fetur mai kyau wanda ba ya canzawa. Wanda yake sayen mai a kwalba ko jarka a bakin hanyar ƙauye bai san abin da aka gauraya a ciki ba. Da ya haɗu da gurɓatacce, sai ya ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ya ba shi wuta a hawa. Wannan ƙarar fistin ne ke shan duka. Da kuɗin akwatin tsere gara a sayi 'yar matatar fetur ta roba a sa a bututun tanki, a kuma riƙa tace mai da ƙyalle mai tsabta.

Masu hulɗa da Matamma, garin da ke tsallaken gada daga Gallabat, akwai abin da ya shafe su musamman. Gadarif tana kan tudu kimanin mita 600 ne daga teku, Gondar kuwa ta haura mita 2,000. A can sama iska ba ta da kauri, don haka kanikawan tuddan Habasha kan rage fetur a kafireta don ya dace da ita. Idan aka sayo babur ko kafireta na hannu da aka saita a can, aka sauko da shi nan ƙasa inda iska ke da kauri ga zafi, fetur zai yi masa kaɗan, ya riƙa zafi. Ba lalacewa ya yi ba, saiti yake so, kuma fulogi zai faɗi gaskiya. Haka nan kayan gyara, ya kamata a tuna cewa iyaka ba kullum take buɗe ba. A watan Satumban 2024 an rufe mashigar Gallabat na wani lokaci saboda faɗan da aka yi a ɓangaren Matamma. Mai babur da kayansa duk na kamfani ne, zai samu fistin da ringi a kowace rumfa a Doka ko Gadarif. Wanda ya haɗa injinsa da kaya na daban, sai ya jira wanda zai kawo masa daga nesa.

Mu ɗan yi lissafin mai, kowa ya sa nasa adadin. A ce babur yana yin kilomita 40 da lita ɗaya, bayan an ƙara masa silinda da babbar kafireta ya koma 32. Mai tafiyar kilomita 100 a rana da yana shan lita biyu da rabi, yanzu ya haura uku. A kwanakin aiki 26 na wata, ƙarin ya kai lita 16, wato galan uku da rabi. Mai karatu ya buga wannan da farashin galan na yau, ya haɗa da kuɗin gyaran, sannan ya tambayi kansa buhu nawa na ƙari zai ɗauko a wata kafin ya mayar. Kada a manta da ranar sayarwa. Dillalan babur suna duba kusoshin inji, idan suka ga alamar sifana sai farashi ya sauka, ko da an rantse masu cewa ƙara masa ƙarfi aka yi.

Idan akwai sauran kuɗi bayan faifai da sabis, mu a wajenmu ƙafafu za a kai su. Shokozoba mai ƙarfi a baya, wayoyin ƙafa masu kauri, taya mai yawan zare wadda ƙaya da tsagin laka ba sa saurin fasawa, da kuma takalmin birki na asali. A ɗan ɗaga madigadin gaba don laka ta samu wurin fita, in ba haka ba takan cushe har ƙafa ta daina juyawa. Birki kuwa ba abin wasa ba ne, domin babur da ke gudun kilomita 80 yana bukatar kusan ninki biyu na filin da mai gudun 60 zai tsaya a ciki, ga kuma buhu a baya yana tura shi, ga shanu da raƙuma da ke tsallaka hanya ba sallama.

Akwai kuma waɗanda gaskiya cinikinsu ya fi ƙarfin babur ɗinsu. Idan kullum kayanka sun kai buhu uku ko huɗu, ko kana auna riɗi da kintar goma, to babu gyaran da zai mai da 125 ya zama abin da ba shi ba. Mafita ita ce a sayar da shi tun injinsa yana a rufe yana da daraja, a cika kuɗi a sayi 150 na asali, wanda aka yi kulocinsa da birkinsa da ƙashin bayansa daidai da ƙarfinsa. Ko kuma mutum biyu ko uku su haɗa jari su sayi keken kaya mai ƙafa uku, musamman mai inji 200 da ruwa ke sanyayawa, wanda ya fi jure tafiya a hankali da nauyi cikin zafi. Sai dai shi ma da nasa aibin, don idan laka ta jiƙe ƙafa uku ba ta shiga inda ƙafa biyu ke ratsawa.

Ƙanen namu dai ya mayar da silindar 125 da salansar kamfani, ya sa faifan baya mai ƙarin haƙora uku da shokozoba sabo, yana kuma wanke sosonsa duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. A kan kwalta yaran unguwa suna wuce shi suna masa dariya, amma kaka biyu ke nan ba a kwance masa inji ba. Akwatin tseren yana nan a cikin kwali a ɗakinsa, ya sa shi a kasuwa tun bara, har yanzu ba a taya ba.